Baba Ɗantani, Mai Lambun da Barewa Ta Ƙyale

Kafin rana ta ɗago a Warsan da ke gefen birnin Dubai, kafin motocin ma'aikata su jeru a bakin titi, Baba Ɗantani ya riga ya idar da sallar Asuba, ya kurɓi shayinsa a tsaye, ya zura takalman roba. Daga masaukin ma'aikata zuwa gandun renon tsirrai inda yake aiki babu nisa, a ƙafa yake zuwa. Ba ya fara kunna ruwa kamar yadda sauran ke yi. Sai ya bi layin tukwane yana cusa ɗan yatsa cikin ƙasa, wadda ta ƙoshi ya wuce ta, mai jin ƙishi ya ja ta gefe. In ya iso kan sabon tsiron da aka shigo da shi daga wata ƙasa, sai ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya kai hanci, ya shafa bayansa ya ji ko da gashi ko santsi, ya karya ya ga ko zai fitar da farin ruwa. Abokan aikinsa 'yan Pakistan da Bangaladash sun daɗe da daina yi masa dariya. Sun san abu ɗaya yake son sani: barewa za ta ci wannan, ko za ta shinshina ta wuce?

Wanda bai san Dubai ba sai a hoto zai ce ina ruwan barewa da garin dogayen benaye. Amma da zarar ka bar benayen a baya ka nufi cikin rairayi, inda gonaki da gidajen hutu suka yi ta ɓullowa, to ka shiga gidan bareyi. Su ne 'yan gari, doka kuma ta hana a taɓa su. Duk wanda ya yi lambu a can ya yi ne a bakin akushinsu. A wannan bakin akushin Baba Ɗantani ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana dashe. Ga shi yanzu shekaru sun ja, gwiwa ta fara ƙorafi, ya ce da ƙarshen wannan sanyin zai koma gida. Shi ya sa na ga bai kamata mutum irin wannan ya tafi shiru ba.

Mutumin Birniwa ne, can ƙasar Jigawa. Yana yaro yana ganin bareyi a bayan gonar mahaifinsa, kafin ya yi aure babu ko ɗaya, an harbe wasu, sauran sun gudu da daji ya ƙare. Ya fara aiki a gandun gwamnati inda ake renon itatuwan tare hamada. Da aikin ya mutu, wani ɗan garinsu ya samo masa biza, ya zo unguwar Al Sabkha ta Dubai yana ɗaure kayan 'yan kasuwar Kano a ofishin kago. Bai jima ba ya ce hannunsa ya gaji da kwali, ƙasa yake marmari. Haka ya koma Warsan, wurin wani kamfanin shuke-shuke, aka ba shi tiyo da almakashi.

Labarin da ya fi fito da halinsa, Halima Sa'adiya ce ta ba ni shi. Nas ce 'yar Zariya, tana aiki a wani gidan jinyar tsofaffi da ke can bakin rairayi. Yawancin tsofaffin gidan mantuwa ta kama su, wasu ba sa gane 'ya'yan cikinsu. An yi musu fili mai faɗi a gaban baranda domin a riƙa turo su su sha iska da safe da yamma. Kamfanin su Baba Ɗantani ne ya karɓi aikin lambun. Suka dasa wardi da furanni masu taushi, wuri ya yi kyau kamar gidan biki. Bai yi mako ba bareyi suka mai da shi tsinke. Aka sake dasawa, suka sake yin walima. Aka ja waya aka kewaye, sai wata barewa ta maƙale a ciki ta karya ƙafa, tsofaffi na kallo daga baranda, wasu har da kuka. Dole aka kwashe wayar. Doguwar katanga kuwa likitocin gidan suka ce a'a, domin kallon rairayi da dabbobin na cikin abin da ke kwantar wa tsofaffin hankali.

Sai kamfani ya yanke shawara mafi sauƙi: a dasa difla. Ita ce itaciyar nan mai furanni ja da fari da ke cike da gefen titunan garin nan. Tana jure zafi, tana jure gishirin ruwa, barewa kuma ba ta kusantarta saboda guba ce tun daga saiwa har fure. Aka cika a-kori-kura da ita, aka ce Baba Ɗantani ya kai ya dasa.

Halima Sa'adiya ta ce tana baranda da safiyar nan ta ga motar ta tsaya. Wani dattijo baƙi, dogo, ya sauko ya fara kwance igiya. Sai ya tsaya cak yana kallon wani tsoho da ke kan keken guragu. Tsohon ya miƙa hannu ya tsinko ragowar ganyen wardin da bareyi suka bari, ya sa a baki yana tauna. Ta ruga ta ciro ganyen tana faɗa da Hausa ba ta ma sani ba. Sai ta ji an ce mata daga baya:

"Sannu da aiki, 'yata. Ashe ta gida ce. Haka suke yi kullum?"

Ta ce, "Wallahi Baba, duk abin da hannunsu ya kai, baki ne. Ganye, fure, har tsakuwa. Ido biyu ba ya isar mu."

Ya koma ya mai da igiyar da ya kwance, ya ɗaure tamau.

Manajan gidan, wani matashin Balarabe mai suna Fahad, ya fito ya tarar ba a sauke ko tukunya ɗaya ba. Mutumin kirki ne, in ji Halima, amma iyalan tsofaffin sun sa shi gaba da ƙorafi, kullum suka zo sai su ga fili kamar an yi gobara.

Ya ce, "Yalla ya Hajji, me ake jira?"

Baba Ɗantani ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Wannan ba zan dasa ta a nan ba. Ganyenta kaɗan ya isa ya kwantar da tsoho, kwanciyar da ba tashi."

"To mu sa ido a kansu. Kai dai ka yi aikin da aka aiko ka."

"Ranka ya daɗe, yanzun nan na ga yadda sa idon yake. Yarinyar nan ta yi gudu iya ƙarfinta, amma ganyen ya riga ta isa bakin."

Fahad ya fusata, ya ce khalas, wato shi ke nan, in haka ne zai sa a malale filin da siminti a shimfiɗa ciyawar roba kowa ya huta, kuma zai gaya wa kamfani wanda ya jawo musu asarar aikin. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san nauyin wannan maganar. Bizarka a hannun mai aikinka take. Dattijo mai iyali a Birniwa, in aka sallame shi, ba wani kamfanin da zai yi rububin ɗaukarsa. Halima ta ce ta ga ya share gumi da hularsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Ka ba ni daga yanzu zuwa baɗi war haka. In ban samo abin da barewa za ta ƙyale, tsoho kuma ya tauna ya kwana lafiya ba, ni da kaina zan kwaɓa maka simintin."

Aka kira injiniyan gona na kamfanin, Abdulganiyyu, ɗan Sudan mai jin Hausa kaɗan-kaɗan daga wajen kakarsa. Ya san gubar difla sarai, abin da ba a gaya masa ba shi ne marasa lafiya na yawo a cikin lambun. Da ya zo ya gani da idonsa, sai ya tsaya bayan Baba Ɗantani, ya je ofis ya yi ta bayani har aka amince. Ba don shi ba da labarin ya ƙare a ranar, Baba Ɗantani kuma bai taɓa ba da labarin nan ba tare da ya faɗi haka ba.

Daga nan aiki ya fara. Suka ware wani zirin ƙasa a gefen da bareyin ke ɓullowa, Baba Ɗantani ya riƙa dasa tsirrai iri-iri, kaɗan-kaɗan. Da sassafe sai ya zo ya tsuguna yana duba sawu: inda barewa ta tsaya ta daɗe, inda ta ɗanɗana ta tofar, inda ta kauce ba ta ko tsaya ba. Kuma ya sha kunya ba sau ɗaya ba. Ya rantse ɗacin darbejiya zai kore su, suka cinye tohonta kamar rake. Ya kawo lalle, suka yi masa aski. Tumfafiya kuwa, wadda ke tsirowa da kanta a rairayin nan kamar a gida, sun fi ƙyale ta, amma ya tuna yadda ruwanta ke yi wa ido, ya tumɓuke ta da hannunsa. Injiniya Abdulganiyyu ya kawo masa wasu tsirran ƙasashen sanyi masu ƙarfin ƙanshi da bai taɓa gani ba. Ɗaya zafi ya kashe ta tun kafin barewa ta ba da ra'ayinta. Ɗayar, mai siraran ganye kamar allura, wadda Larabawa ke kira iklil suna sa ta a gashin nama, ta rayu a inuwa, bareyi kuma suka yi mata kallon raini suka wuce.

A hankali abin ya fara fitowa fili. Barewa ba ta son ganye mai ƙanshin da ke hawa kai, ba ta son mai gashi-gashi ko mai kaushi a harshe. Sai ya tattaro ɗaɗɗoya, da na'ana'a, da ciyawar shayi mai ƙanshin lemun tsami, da lawashin tafarnuwa, da iklil ɗin injiniya. Kowanne kuwa sai ya kai wa Halima ta nuna wa likita, in likita ya ɗaga kai sannan ya shiga lambu. Kafin sanyi ya wuce fili ya yi kore shar. Fahad ya fara gaishe shi da habibi, wato aminina.

Sai zafi ya shigo. Wanda ya yi bazara a ƙasar nan ya san ba a kwatanta ta. Rairayi ya bushe ƙurmus, ko tsinke babu. Wata safiya Baba Ɗantani ya sauko daga mota ya tarar da lambun a kwance. Ɗaɗɗoyar da suka yi wata da watanni suna ƙi, sun cinye ta har ƙasa. Ciyawar shayin sun tattake. Siraran tiyon da ke ɗiga ruwa a gindin tsirrai duk sun tattauna su. Maimakon ya koma inuwa, sai ya durƙusa ya fara tattara abin da ya rage yana ɗaɗɗaure tiyo, rana na dukan ƙeyarsa. Ba a ankara ba sai gani aka yi ya kife.

A gadon gidan jinyar ya farfaɗo, da ledar ruwa a hannu, Halima na tsaye a kansa tana faɗa kamar 'yar cikinsa. Ita ta kira masa maiɗakinsa Asama'u a waya. Halima ta ce tana jin muryarta daga inda take:

"Malam, ka dawo gida haka nan. Yara sun girma, ba mu rasa abin sawa a baka ba. A kan furen Larabawa za ka mutu a ƙasar mutane?"

Ya ce, "Asama'u, ba fure ba ne. Alkawari na yi. Kuma tsofaffin nan ba su da wani waje sai wannan filin. In aka malale shi, bango za su yi ta kallo har Allah ya karɓi abinsa."

Yana kwance a gadon nan ne tunanin tiyon ya yi ta dawo masa. Me barewa za ta ci a jikin roba? Da injiniya ya zo duba shi, tun kafin ya zauna Baba Ɗantani ya ce:

"Injiniya, mun yi ta tambayar abin da ba sa so, ba mu tambayi abin da ya kawo su ba. Ƙishirwa ce. Babu tsiron da barewa ta yi rantsuwa ba za ta ci ba, in wuya ta kai wuya har abin da take ƙi za ta haɗiye. Mu ba su nasu a can nesa, su bar mana namu."

Ba abu ne da mutum zai tashi ya yi gaban kansa ba, sai da izinin masu kula da namun daji. Injiniya ya yi ta zirga-zirga har aka yarda, su ma suka zo suka nuna inda ya dace. Aka gina kwamin ruwa can bayan wani tudun rairayi, aka dasa itatuwan hamadar nan da ake kira gaf da ciyawar da bareyi ke so a kewayensa. Baba Ɗantani kuma, tun ƙafarsa ba ta gama ƙwari ba, ya sake lambun daga tushe. Masu ƙarfin ƙanshi ya jera su a waje, layi bayan layi, su ne masu gadi. Furanni masu taushi ya matso da su jikin baranda inda ƙafar mutane ba ta ɗaukewa. Ƙananan itatuwa ya naɗe musu jiki da zarbar dabino har su fi ƙarfin wuyan barewa. Ba a ce ɓarna ta ƙare ƙaf ba. Har gobe akan samu mai taurin kai ta zo ta yagi rabonta. Amma bazara ta zagayo ta wuce, lambu na tsaye. Ba a kwaɓa siminti ba.

Akwai wata tsohuwa a gidan, Hajiya Moza, wadda ta daɗe da daina magana. Ko 'ya'yanta suka zo, kallonsu kawai take yi. Wata yamma Halima ta turo ta ta gefen ɗaɗɗoya, Baba Ɗantani na rage wa tsiron kai da almakashi, ƙanshi ya tashi. Tsohuwar ta damƙe hannun keken. Ta miƙa hannu, ya tsinko reshe ya ba ta. Halima ta yi shirin ƙwacewa in ta nufi baki. Sai ta ga ta kai hanci, ta lumshe ido, ta ɗaga gefen mayafinta ta soke reshen a cikin furfurarta, yadda matan ƙasar nan na da suke yi.

Ta ce, "Mashmum." Sunan ɗaɗɗoya ke nan a bakinsu. Sannan ta dubi Baba Ɗantani ta ce, "Na gidan mahaifiyata ne. Wa ya ba ka?"

Ya juya baya kamar yana neman wani abu a cikin bokiti. Washegari ta koma shirunta, ba warkewa ta yi ba, kuma ba wanda ya ce ta warke. Sai dai daga ranar, in aka turo ta aka nufi wani gefen, sai ta kafa ƙafa a ƙasa, keke ba ya motsi sai an juya shi wajen ɗaɗɗoya.

Ba a gidan jinya kaɗai aka san shi ba. Masu gonaki a bakin rairayi sun saba zuwa Warsan su ce a kira musu Bahaushen nan. Halinsa ɗaya ne da kowa: ba ya bari ka ɗauki abin da ya san ba zai kwana ba. Alhaji Nasir mai kago, wanda ya kama gida can wajen gari, yana ba da nasa labarin yana dariya. Ya je ya ce a loda masa zogale ya kewaye gida da shi. Baba Ɗantani ya dube shi ya ce, "Alhaji, kwaɗon naka ne ko na bareyi? In nasu ne sai ka haɗa musu da ƙuli." Ya sa shi ya hau da zogalen saman bene cikin manyan tukwane, ƙasa kuma ya jera masa ciyawar shayi. Yau rabin Hausawan unguwar Abu Hail daga benen nan suke cin zogale.

Baba Ɗantani, kai ne ka ɗaure igiyar da aka ce ka kwance, alhali ka san abin da zai iya biyo baya. Kai ne ka ƙi sayen kyan lambu da ran tsohon da ba danginka ba, ba yarenka ba, wanda ko sunanka ba zai riƙe ba. Kai ne kuma ka ƙi ɗaukar barewa abokiyar gaba, ka tuna da na Birniwa da suka ƙare a kan idonka. Sau nawa aka cinye maka aiki ka dawo da sabon dashe? Mai hannun damina a ƙasar da ba damina, Ɗantani na Asama'u, ba ka iya dogon jawabi ba, amma duk wanda ya zauna a barandar nan da yamma ya ji abin da ka faɗa.

Ranar Juma'ar da ta wuce 'yan uwa suka haɗa masa 'yar walima a wani filat a Abu Hail. Halima ta yi waina, injiniya ya zo, har Fahad ya zo ya zauna a ƙasa ya ci da hannu. Ɗaki ya cika da samarinmu, masu aikin otal, masu gadi, masu kai saƙo a babur. Mun san halinmu. Da yawa cikinmu in za mu aika hoto gida sai mun cire rigar aiki mun je gindin wani dogon bene mun tsaya, in an tambayi sana'a mu ce muna kamfani. Da aka matsa wa Baba Ɗantani ya yi magana, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ni dai ban iya komai ba sai ƙasa. In kun je gida aka tambaye ku me Ɗantani ya yi shekarun nan a Dubai, kada ku gyara mini. Ku ce lambu ya yi. Ku ma in an tambaye ku, ku faɗi naku da sunansa, sannan ku yi shi yadda ba za ku ji kunyar sunan ba."

Ya zauna. Alhaji Nasir ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Mun gode, Baba. Tsofaffin da ba za su iya gode maka ba, mun gode a madadinsu. Allah ya kai ka Birniwa lafiya, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka tarar da iyali cikin alheri, ya sanya kowane ganye da ka raya a mizaninka. Mu kuma da muka rage a nan, kowa da abin da aka damƙa masa: wani sitiyari, wani allura, wani maƙullin shago. Rana za ta zo da za a ce mana mu sauke abin da muka san cuta ne, a ce ai aikin da aka aiko mu ke nan. Ranar nan mu tsaya, mu duba wanda abin zai faɗa wa, mu ce a'a cikin ladabi, sannan mu naɗe hannun riga mu nemo hanyar da ta fi. An yi a gabanmu, da idonmu muka gani.